Sunana a Takardar Eun-sil

Daegu, 1 ga Afrilu

Yaya Chang-ho,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taka, ya jikin maiɗakinka? Ni ina nan, sai tari, shi ma mun saba da juna.

Ka tuna Gu Eun-sil, ɗalibata a makarantar 'yan mata? Ta dawo daga Jamus bayan shekara talatin. Jiya ta zo da kwalin tuffa, ta durƙusa har goshinta ya taɓa ƙasa, ta ce na tsufa amma hararar tana nan yadda ta bar ta. Ta yi opera, wasan kwaikwayon nan na waƙa, a ƙananan garuruwa, ta yi waƙa a coci da wajen jana'iza, ta ara wa finafinan yara murya, yanzu wata jami'a ta ɗauke ta koyarwa. Watan gobe za ta yi bikin waƙar dawowa gida. Ka san ba a buga takardar biki sai an jera malaman da mawaƙi ya bi ta hannunsu, kuma tana son sunana ya zo farko.

Ni da kai mun yi shekara biyar a Italiya muna cin taliya gaya. Kai ka samu dandamali, ni na samu alli da tsohon fiyano. Ba a taɓa buga sunana ko'ina ba sai a jerin ma'aikata. Ina son abin nan, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Amma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ta fara buɗe baki a gabana, tana shekara goma sha shida, na san muryar sama ce, soprano tsantsa. A rukunin mawaƙan makarantar kuwa masu muryar sama sun yi yawa, na ƙasa babu, ga gasar lardi ta matso. Sai na tura ta cikin masu muryar ƙasa, muka ci kofi. Daga nan kunya ta hana ni gyarawa, na shirya ta shiga jami'a a haka, malaman can suka bi abin da na rubuta, don ba a ƙaryata malamin farko. Sai a Jamus wata tsohuwa ta hana ta waƙa wata shida, ta sake mata tushe tana shekara ashirin da takwas, lokacin manyan gidajen opera sun riga sun ɗebi sa'o'inta. Ita a zatonta kunnena ne ya yi kuskure.

Ranar Juma'a za a kai takardar wurin masu bugawa. Ban ba ta amsa ba.

Naka,
Pyo Sang-uk

Daegu, 9 ga Afrilu

Yaya Chang-ho,

Ina gaishe ka, da fatan maganin gwiwar ya karɓe ka. Na ji abin da ka ce a waya, wai ni tsohon banza ne, in rufe baki in karɓi abin da aka ba ni. Da ma kai ba ka taɓa rasa barci kan kowa ba.

Ranar Alhamis da safe na same ta a ɗakin gwaji, na roƙi mai kaɗa mata fiyano ta ba mu wuri, na faɗa mata duka a tsaye. Ta daɗe tana jera takardun waƙarta, ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Malam, kofin yana ina yanzu?"

Na ce ban sani ba, makarantar ta tashi daga unguwar tuntuni, wataƙila an zubar. Ta gyaɗa kai, ta raka ni har bakin ƙofa, ta sunkuya kamar kullum.

Ka gaida gida.
Sang-uk

Daegu, 19 ga Mayu

Yaya Chang-ho,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Tarin ya yi sauƙi da zafi ya shigo.

An yi bikin jiya Lahadi da rana. Ta aiko min da tikiti, kujera ta tsakiya. Na buɗe takardar: tsohuwar nan ta Jamus ce farko, sai malamai biyu. Sunana babu. Matar da ke gefena tana tambayar mijinta wa ya koya mata a nan Daegu, ya ce ai ba wani sananne ba ne. Na ninke takardar na sa a aljihu.

Ta yi waƙa, Yaya. Muryar ta fara nuna shekaru a tsakiya, amma a sama kamar ba a taɓa danne ta ba. Na zauna ina lissafin abin da za ta zama da na bar ta a wurinta, sai na daina, na saurara kawai.

Bayan an tashi na bi layin masu gaisuwa, niyyata in sunkuya in wuce. Ta miƙa wa wata furannin hannunta, ta matso, ba murmushi, ta ce a hankali, "Malam, sautin can sama, a waƙar ƙarshe. Ya zauna?"

Na ce mata ya zauna daram. Gaskiya ce, kuma ga alama ta yarda da kunnena.

Ka kula da kanka.
Ƙaninka,
Pyo Sang-uk