Motar Sani a hanyar Gugaram

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Yaya Damagaram, yaya ƙafar Inna, yaya yara da fama da wannan fari? Mu nan Arlit sai haƙuri.

Yaya, Nana 'yar autar ƙanenmu Sani ta rasu ranar Talata.

Ka tuna da kamfani ya sallame shi, ya rasa motar da zai saya don jigilar ma'aikata, sabuwar kat-kat mai keta rairayi ko ta hannu? Kai ka ce sabuwa. Mutanen gari suka ce a wannan zamani na tawaye sabuwa ake ƙwacewa a hanya, tsohuwa ko kallonta ba a yi. Ya sayi tsohuwa, har ya ƙi yi mata fenti da gangan.

Zazzaɓi ya kama Nana a Gugaram, wurin dangin uwarta. Sani ya tafi ɗauko su, ita da uwar, zuwa likita. A hanyar dawowa babu wanda ya tare su, motar ce ta mutu cikin rairayi. Yana ƙarƙashinta yana fama sai matarsa ta ce, “Baban Nana, fito haka nan. Ta cika.”

Makaniki ya ce wata 'yar roba ce ta tsinke. Da ma bai faɗa ba.

A gaida Inna, a gaya mata a hankali. Ku sa Nana cikin addu'a. In za ka rubuto wa Sani, don Allah kar ka ce da ya sayi sabuwa. Shi da kansa yake faɗa kullum, ko ba a tambaye shi ba.

Ƙanwarka,
Hadiza