Kalmar da Na Kasa Faɗa a Gaban Akawu

Dutsi, 14 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Amatullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya fara fitar da kai, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi har tana leƙa awakinta da kanta.

Na rubuto ne in gode miki da kyau, don ranar a waya kuka ya hana ni. Kin san tun da fitsarin Baba ya tsaya aka sa masa robar fitsari, likita ya ce duk wata a canza ta. Abin da ban ba ki labarinsa filla-filla ba shi ne yadda na ɓata lamarin da bakina. Ranar da muka je asibiti a Daura ruwa ya dake mu a hanya, takardar likita ta jiƙe, rubutun ya caɓe. Akawun inshora ya tambaye ni abin da ke damun dattijon. Ga layi cike da maza, ga Baba zaune kan benci yana ji. Haba, Amatullahi, ta ina zan buɗe baki in ambaci fitsarin mahaifina? Sai na ce ciwon mara ne. Bawan Allah ya shigar da lambar ciwon ciki a na'ura, ya jero roba da jakar fitsari da safar hannu da man shafawa a ƙarƙashinta.

Masu inshora suka ce ba su amince ba. Sau biyu ina zuwa ina dawowa hannu rabbana. Robar ta wuce lokacinta da kwana goma sha biyu, zazzaɓi ya rufe Baba, abin da ke taruwa a jakar ya yi duhu, ya daina fita masallaci saboda gudun kada a ji wari. Na tsorata ƙwarai. Kin san bakina, ba irin sunan da ban kira mutanen inshora ba, Allah ya yafe mini. Ashe laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani.

Da na turo miki hoton takardar da akawun ya cike, ko minti biyar ba ki yi ba kika gano. Kika ce wannan ai aikinki ne na kullum: lambar ciwo da lambar kaya dole su dace, mai ciwon ciki kuwa ba a ba shi robar fitsari. Kika ƙara da cewa na'ura ba ta san kunya ba. Na ji haushin maganar, amma na bi shawararki. Na karɓo sabuwar takarda wurin likita, na nemi shugabar ofishin, Madam Eberechukwu, wadda Hausarta ta kusa fin tawa. Da ta ga ina ta kame-kame sai ta ja ni ciki, ta rufe ƙofa, ta ce yanzu daga ni sai ita. Na ja mayafi na rufe fuska, na faɗi ciwon da sunansa. Ta gyara lambar, ta sa girman robar, ta kuma rubuta cewa canjin na duk wata ne don kada a sake tsare ni da tambaya. Kafin la'asar an canza wa Baba. Kwana uku zazzaɓin ya sauka, jiya ma ya bi jam'in Magariba.

Inna tana gaishe ku, haka Saminu da Maijidda. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Zinariya da Sada.

Saura saƙon Baba. Ya tambaye ni wanda ya warware matsalar, na ce ke ce. Sai ya ce lokacin da kika tafi karatun wannan aikin naki shi ne ya ce ba aiki ba ne mutum ya zauna yana rubuta lambobi, kuma shekara tara bai taɓa tambayar ki yadda aikin yake ba. Ya ce in rubuta miki da hannuna cewa ya janye maganar, ki yafe masa. To, ga shi na rubuta.

Taki har kullum,
Yayarki Zubaida