Tun Ranar Da Aka Buga Min Dundufa Surukina Ya Riƙe Min Mata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a zauren nan, na san halin wasunsu, yanzu sai su ɗauki hoton rubutun su kai inda bai kamata ba. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle, kuma raina a ɓace yake, in kun ga na yi zafi a wani wurin ku yi min uzuri.

Ni mutumin Kibiya ne, matata kuma 'yar Rano. Lokacin da na aure ta ina aiki da wata ƙungiya mai harkar lafiya, muna shiga ƙauyuka, ga babur na ofis, ga kati rataye a wuya, albashin ba wani mai yawa ba ne amma yana zuwa a kan kari. Mahaifinta, bari in kira shi Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi ne. A lokacin in na je gaishe shi har matsa min yake a kan dardumarsa, in zai nuna ni ga abokansa ba ya cewa ga surukina, sai ya ce ga ma'aikacin namu. Ni kuma wawa sai in ji daɗi, ashe katin nan ya ba wa 'yarsa ba ni ba.

Bara aka ce masu ba da tallafin sun janye. Aka tara mu a ofis, aka yi mana godiya mai tsawo, aka karɓi makullin babur, shi ke nan fa. Lokacin matata tana da ƙaramin ciki. Ba inda ban kai takarduna ba, zaryar Kano kuwa har direbobin tasha sun haddace ni, ko'ina sai a ce za mu kira ka, har yau ana kirana. Zaman banza ya fara taɓa min kai, ba na iya cin abinci, in na fito majalisa sai hira ta mutu. Wani da da yake bina yana roƙon in sa ƙaninsa a aikin rigakafi, shi ne yake ce min wai yallaɓai yau ma hutu aka ba ku? Yana faɗa yana kallon sauran don su yi dariya, kuma suka yi.

A bayan kasuwarmu akwai wani dattijo, zan ce masa Baba Ilu, maƙerin farfaru ne, wato masu aikin azurfa, zobe da awarwaro da 'yan kunne. Rumfarsa na koma zama saboda shi kaɗai ne ba ya tambayata komai. Wata rana ya ce tunda kana zaune zuga min wutar nan, na kama zugazugi, daga nan ya miƙo min magagari in goge ƙarfe, daga nan ya bar ni na narka azurfa da kaina. Jama'a ban san ina da hannu ba sai a wurin nan. 'Ya'yansa duk sun tafi birni ba mai son sana'ar, sai ya riƙe ni tamkar shi ya haife ni, bai ɓoye min komai ba. Ni kuma na riƙa kawo samfurin zamani daga waya, zobe mai suna, sarƙa siririya irin ta 'yan mata, ina sa hotuna a status, sai ga oda har daga Kano. Ban yi arziki ba, amma tukunyar gidana ba ta ƙara kwana a kife ba, na daina kunyar shiga gida. Matata ita ce mai ƙarfafa min gwiwa, ita take zaɓar min wanda zan ɗauka a hoto. Kuma ban yi a ɓoye ba, da bakina na faɗa wa Alhaji, ya ce to a yi kafin a samu aiki, amma ba sai kowa ya ji ba.

Da cikin ya tsufa ta tafi gida tunda haihuwar fari ce, Allah ya sauke ta lafiya, mace. Mahaifina ya rasu, don haka Alhaji ya ce a raɗa suna a ƙofar gidansa a Rano, na ce to. Na raba goro kamar yadda kowa yake yi, na kai wa Baba Ilu nasa. Abin da ban sani ba, su a wajensu in ɗan maƙera ya yi haihuwar fari ba a zuwa masa a ɗaiɗaiku, gayya ake yi, a tafi da makaɗi. Shi kuma tsohon nan a zuciyarsa ni ɗansa ne, bai faɗa min ba don wai ya faranta min.

An gama addu'a kenan, manyan baƙin Alhaji na Kano suna zaune ana cin waina, sai ga mota ta tsaya cike da maƙera, na Kibiya, na Durba, har da na Lausu, farfaru da babbaƙu masu aikin baƙin ƙarfe. Suka sauke dundufa, gangar da ake kaɗa wa maƙera, aka fara kiɗa, maroƙinsu ya buɗe murya yana cewa 'yar maƙera ta sauka lafiya, yana kiran sunana yana haɗa ni da wuta da ƙarfe, unguwa gaba ɗaya ta fito kallo. Baba Ilu da tsufansa har taka rawa yake, idonsa da hawaye don murna, sun kawo wa mai jego sabon murhu da wuƙaƙe da 'yar awarwaro. Ina ji wani abokin Alhaji ya kwashe da dariya ya ce Alhaji ashe da maƙera ka haɗa iri ba mu da labari. Alhaji ya miƙe ya shige gida ko takalmi bai tsaya sawa ba. Can sai ga yayyen matata sun fito, suka kori maƙeran kamar an kori awaki daga shanya, suka yi wurgi da murhun tsakiyar titi. Dattijai masu furfura fa, ko ruwa ba a ba su ba. Ni kuwa na tsaya a wurin kamar an dasa ni, na rasa wa zan bi.

Arba'in ta wuce ba a dawo min da matata ba. Na tura kawuna, Alhaji ya ce masa shi ma'aikaci ya ba wa 'ya ba maƙeri ba, wai kaf zuri'arsu ba a taɓa yi ba, wai yana da sauran 'yan mata a gida, gobe in an zo neman aurensu aka yi bincike me za a ce? Kawu ya ce Alhaji sana'a ce ta halak, ko fartanyar da ake noma hatsin da kake sayarwa ai su suke ƙerawa, Alhaji ya ce shi ma jaki yana ɗauko masa hatsi amma bai ba shi 'ya ba. Wallahi haka ya faɗa, kawu sai da ya yi kwana biyu kafin ya iya maimaita min.

Da za a huda wa yarinyar kunne na zauna na yi mata 'yan kunne na azurfa tsantsa, ƙanana, ban taɓa yin aikin da na sa zuciyata a ciki irinsa ba. Matata ta sa mata, ta turo min hoto. Washegari Hajiya, mahaifiyarta, ta cire su ta ba wa mai yi musu wanke-wanke, ta karyo tsinken tsintsiya ta zura wa jaririyar a kunne, ta ce gara wannan da kayan maƙera. Matata tana faɗa min a waya tana kuka. Da farko kullum sai ta ce in yi haƙuri tana tare da ni, amma yau da gobe ana yi mata famfo, ƙannenta suna kiranta matar maƙeri, in wuƙa ta dakushe a gidan sai a ce a ba ta ta kai wa mijinta. Yanzu in na kira sai ta ce ita fa ta gaji, in yi abin da Babanta yake so kawai.

Labari ya kai kunnen Baba Ilu, bai shawarce ni ba ya hau mota ya tafi Rano ba da haƙuri. Tsohon da ya girmi Alhaji nesa ba kusa ba ya durƙusa a ƙofar gida cikin rana, Alhaji yana zaure yana jin sallamarsa ya ƙi fitowa, daga ƙarshe ya aiko a ce masa in wani abu ya karye a gidan za a neme shi. Da ya dawo na je rumfa da safe, ya tare ni a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da ni, ya ce ɗana kar ka ƙara zuwa nan, ni na ɓata maka, ba zan zama sanadin raba ka da iyalinka ba. Na roƙe shi, na ce ba laifinsa ba ne, ya juya min baya ya ci gaba da zuga wutarsa da kansa. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba.

To na haƙura, na bar ƙira, na ba wa masu oda haƙuri, na goge hotunan duka. Na sake tura kawu ya shaida wa Alhaji cewa na daina. Kun san amsar da ya bayar? Wai to madalla, yanzu da me zai ciyar da ita? Wai shi ba zai ba wa mai zaman kashe wando 'yarsa ba, in kawo takardar ɗaukar aiki tukuna. Haba jama'a! Ina sana'a an ce maƙeri, na bari an ce ba ni da sana'a, wannan wane irin zalunci ne? A ƙasar nan ina zan samo takardar ɗaukar aiki, a bishiya ake tsinka?

Satin da ya wuce na daure na je ganin 'yata, aka bar ni a zaure kamar mai talla. Yarinyar har ta fara zama. Aka miƙo min ita, tana ganin fuskata ta canyara kuka tana miƙa hannu wajen kawunta, yayan matata, ƙiwuya take min, ba ta san ni ba. Hajiya daga cikin gida ta ɗaga murya don in ji, ta ce ku karɓo ta, warin hayaƙi ne ba ta so. Ni da na yi watanni rabona da bakin wuta. Matata tana tsaye a bayan ƙofa, ina ganin ƙafarta.

Yanzu kawu ya ce in kai ƙara kotu a ba ni matata, amma in na tsaya da mahaifinta a gaban alƙali anya za ta ƙara kallona da daraja? Wani abokina ya ce in koma in kama ƙafar Baba Ilu in riƙe sana'ata, in suna so su kawo min matata in ba sa so su jiƙa ta su sha, amma wallahi ina son matata. Mahaifiyata kuma ta ce in yi shiru in bar wa Allah, ga shi shirun nan kullum ƙara nisanta ni yake da su.

Don Allah iyaye da malamai da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, ku faɗa min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci, zan karanta duk abin da kuka rubuta. In koma bakin wuta, in tafi kotu, ko in ci gaba da jira har 'yata ta iya magana ta kira wani Baba a gabana?