Irin Shinkafar Jami'a da Na Tuƙa Tuwo da Shi

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yanke mini hukunci sai an ji ƙarshe.

Ni 'yar Haɗejiya ce, bara na gama sakandaren 'yan mata. Yayana shi ne mai kula da gonar gwajin shinkafa da wata jami'a ta Kudu ta buɗe a fadamarmu. Da ruwa ya ci sitonsu, sai ya kwaso buhunan irin ya ajiye a ɗakina, ya tafi kai wa Baturen gona rahoto. Yana tafiya dangin mahaifiyarmu suka iso daga Auyo cikin kwalekwale, ambaliya ta rushe musu gidaje, yara na kuka, rumbunmu babu komai. A bar baƙi da yunwa? Na san iri ne ba na ci ba. Duk da haka na farke buhu, ni da Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke zaune tare da mu, muka surfa, aka tuƙa tuwo. Haka muka yi ta yi har suka koma, buhun ya ƙare.

Jami'a ta ce sayarwa ya yi, ta kore shi. Ban faɗa masa ni ce ba, kunyarsa da tsoronsa suka hana ni. To yanzu ya ɗauki lauya, ya kai ƙara kotu a Kano cewa korar zalunci ce, ruwa ne ya tafi da buhun tun a sito. Ya ce zai dafa Alƙur'ani ba wanda ya taɓa irin a gidanmu.

Shekaranjiya ya kira ni ya ce, "Auta, ke za ki yi mini shaida, tunda a ɗakinki buhunan suka kwana, ga shi kina jin Turanci." Ya daɗe yana kallona. Me ya sa ni? Ya sani ne yake gwada ni? Ita ma Gwaggo na ce mata iri ne, amma jiya muna tankaɗe sai ta ce, "'Yar boko, tuwon kwanakin baya dai ƙamshinsa daban ne," ta yi dariya. Wasa take yi ko gargaɗi? Wa ta faɗa wa? Har lauyan ma sau biyu yana tambayata ko ɗakina yana da makulli.

In na faɗi gaskiya, lauyan jami'a zai ce ai a gidansa irin ya salwanta, shari'ar ta rushe. In na yi shiru, Yaya zai rantse kan abin da ba haka ba ne, ni kuma in bi bayansa da shaidar zur. Ranar Litinin za mu hau jirgin ƙasa a Malam Madori, har ya sa an ɗinka mini sabon mayafi na shiga kotu.

Jama'a, me zan yi?