Ƙarar mita ba lalacewa ba ce

Angona,

Na fita kafin ka dawo, matar tela ta yi yaji, dole in je in ji da kunnena.

Mai gyaran wuta ya zo da safe, ya sa wa mitar wutarmu ƙarar nan da ka ce, wadda za ta yi kuka idan wuta ta kusa ƙarewa. Yana gwadawa ya ce, "Kaka, ta isa haka?" Ni kuwa a lokacin maƙwabciyarmu tana ba ni labari ta kan katanga, ta kawo daidai wurin daɗin, sai na ce mata, "Ƙara! Ƙara mana!" Bawan Allah ya zaci da shi nake, ya murɗe ta har ƙarshe ya tafi.

Da rana mitar ta tsala ihu, mata suka shigo a guje ba takalmi, sun ɗauka motar asibiti ce ta zo ɗaukata. Ka yi haƙuri, na ce musu kai ne marowacin da ba ya saka wuta.

To idan ta yi kuka, kada ka zare waya, kada ka danne ta da matashi. Ka sayi wuta ka loda, sai ka danna koren maɓallin.

Kuma kada ka rage ta. Kunnena ya yi nauyi, allurar sugata tana cikin firiji. Idan wuta ta ƙare allurar ta lalace kamar ta wancan watan, kai za ka yi takaba.

Kakarka