Inda Ganga Ta Jira Kazagi

Dutsi, farkon damina, 2011

Assalamu alaikum Yaya Jibril,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Raihana da yara. Ya Kano, ya kasuwa? Mu nan sai godiya, an yi ruwan shuka, mun gama da gonar bayan rafi. Inna tana gaishe ka.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a boko. A waya sai na hau tudun firamare nake samun sabis, in na same ka kuma kana tsakiyar masu saye, magana ba ta zama. Shi ya sa na ba Auta direba wannan ya kawo maka har shago.

Maganar kunnen Baba ce. Na kai shi asibiti a Daura, likita ya ce ba datti ba ne, jijiya ce ke mutuwa, kuma ba ta dawowa. Ya ce siririn sauti ne ke fara tafiya, mai kauri shi ke yin saura. Na ga gaskiyarsa. Inna za ta tsaya a kansa tana kira bai waiga ba, amma in ana daka a maƙwabta, ko hadari ya yi rugugi can wajen Mashi, sai ka ga ya ɗaga kai.

Ka tuna gayyar gonar Alhaji Lawal, wadda wani malamin gona ya ɗauka a rikoda, Baba na gangar noma kai kana kazagi? Ni lokacin ina goye. Na tsinci kaset ɗin a akwatin Inna, na kai an juye mini a memori. Na sa wa Baba iyafis ɗin wayata, 'yan ƙananan nan da ake cusawa a kunne. Ya saurara, ya zare, ya ce, "Wane ne ke kaɗa gwangwanin madara?" Na ce, "Baba, gangarka ce." Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Maharazu bai taɓa buga wannan ba."

Na je kasuwar Kwangwalam na sayo babba mai rufe kunne. Kwalinsa ya fi shi nauyi. In an ƙara murya sai ya yi ta zuzu kamar ƙudan zuma a gora, kafin kasuwa ta zagayo ɓangaren hagu ya mutu.

Yaya, kayan waya sana'arka ce, kai ka san na gaske da jabu. Ka nemo mini hedifon mai bes, wanda bugunsa ke sauka har ƙirji. Ba na 'yan gayu nake so ba, mai sauƙin kuɗi dai wanda ba zai ba mu kunya ba. Ina da ragowar wake, zan sayar.

Na san ra'ayinka a kan kiɗa, kuma ba gardama na kawo ba. Gangar tana rataye a rumbu tun shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, da ya rantse a gaban liman ba zai sake ɗaga gular kiɗa ba. Bai ɗaga ba. Ɓera ma ya cinye fatar. Shi dai cewa ya yi rantsuwar bugawa ya yi, bai yi ta ji ba. So nake ya ji gangarsa sau ɗaya yadda take, kafin ƙofar ta rufe.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Zakiyyu

*

Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena Zakiyyu,

Saƙonka ya iso, kuma labarin kunnen mahaifinmu ya taɓa ni ƙwarai. Allah ya sa kaffara ne, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi, wadda mu na nesa ba mu samu ba.

Irin abin da ka nema akwai shi, kuma ba shi da tsadar da kake tsoro. Amma ka yi tunani tare da ni. Idan likita ya ce abin da ya rage na jinsa kaɗan ne, da me ya kamata a cika wannan kaɗan ɗin? Mutumin da Allah ya taimake shi ya bar abu shekara da shekaru, ba mu ne za mu mayar masa da shi cikin kunne a ƙarshen rayuwa ba. Ba zan iya sa hannuna a wannan ba, ka fahimce ni.

Ga wani na ba Auta. Ya fi wanda ka nema daraja. An yi shi ne don murya, harafi na fita a cikinsa tas, ba hayaniya. Na haɗa da memori mai karatun Alƙur'ani cikakke, na zaɓi mai karatu a hankali. Ka riƙa sa masa bayan asuba da bayan la'asar. Kada ka sayar da wakenka, ku ci.

Ka gaishe da Inna, ka ce wa Baba ina neman albarka. Zan shigo idan kasuwa ta lafa, in sha Allah.

Wassalam.
Yayanka, Jibril Maharazu

*

Dutsi, bayan noman farko

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Mun ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi.

Da na rubuta wa Baba a ƙasa cewa kai ka aiko, sai da ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa. Ya yi alwala, ya zauna a dakalin ƙofar gida na sa masa. Jafaru mahauci ya zo wucewa ya ce, "A'a, Mazu, yaushe ka zama direban jirgin sama?" Baba bai ji ba, amma ya ga bakinsa, ya ce, "Kai dai tafi ka wanke tukubarka. Ɗana ne ya aiko daga Kano."

Kullum bayan la'asar haka yake zama, kai a sunkuye, yana gyaɗawa. Na yi murna. Sai ranar Talata na dawo daga gona na ɗauki wayar in duba, na tarar cajinta ya ƙare tun da rana. Shi kuwa yana nan yana gyaɗa kai. Na tsaya ina kallon leɓensa, ashe surorin da ya haddace yake bi da kansa. Na yi caji na sake gwadawa, na kashe na kunna, na kashe na kunna. Fuskarsa ba ta canza ba ko sau ɗaya.

Da ya gane na gane, sai ya kama hannuna ya ce, "Kada ka gaya masa. Ya kashe kuɗinsa."

To ga shi na gaya maka, Allah ya yafe mini. Abin da ka aiko mai kyau ne, ni da na sa har numfashin mai karatun nake ji. Amma muryar mutum ta riga ta fi ƙarfin kunnen Baba. Karatun da ke cikinsa shi yake yi, wannan ba mai raba shi da shi. Na gwada kaset ɗin gayya a ciki, kada in ɓoye maka. Kazaginka ya fito rangaɗau, gangar kuwa tana can baya kamar an rufe ta da bargo.

Jiya an yi daka a tsakar gidanmu, kusa da shi, bai ɗaga kai ba. Tsawa kawai ta rage.

Na mayar maka da shi cikin kwalinsa, ban yar da ko leda ba, za ka iya sayarwa. Ba zan sake roƙo ba, Yaya, don kada in sa ka abin da zuciyarka ba ta so. Zan jira wake ya yi daraja in shiga Katsina in nema da kaina, ko da za a cuce ni.

Inna ta ce yaushe kasuwar za ta lafa?

Ƙanenka, Zakiyyu

*

Kano

Zakiyyu, assalamu alaikum.

Na daɗe ban amsa ba. Takardarka tana aljihuna tun ranar.

Kada ka je Katsina, za su haɗa ka da mai ƙyalli. Ga wannan. Ba shi da suna a kasuwa, amma lasifikar cikinsa faffaɗa ce, bayansa a rufe yake, bugu ba ya zurarewa. Ba ya son caji, a waya kawai za ka soka shi. Kada ka ƙure murya lokaci ɗaya, ka riƙa hawa a hankali.

Ban tambaye ka abin da za ka sa a ciki ba, kai ma kada ka faɗa mini.

Ka gaishe da su.
Jibril

*

Dutsi, gero ya fara fitar da kai

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa, ina godiya. Ka ce kada in faɗa maka, amma wannan ba nawa ba ne da zan riƙe, naka ne. In ka ga dama ka tsaya a nan.

Ni na fara sawa. Yaya, ban taɓa sanin haka gangar Baba take ba. Na ji ta a haƙorana. Na ji kamar ƙasa ce ke numfashi.

Na kai masa zaure da hantsi, na sa masa, na hau a hankali yadda ka ce, har na ƙure. Ya jira. Ya kalle ni ya ce, "Ka kunna mana." Inna tana bakin ƙofa, ta juya ta koma ciki.

Na ce shi ke nan, mun makara. Ya cire zai miƙo mini, sai ya tsaya da shi a hannu. Abin yana motsi a tafinsa. Ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya ɗage rigarsa ya manna shi a haƙarƙarinsa na hagu, daidai inda ganga ke kwanciya in ya rataya ta, inda fatarsa ta yi kanta har yau. Ya danne da gwiwar hannu, ya rufe ido.

Babban yatsan ƙafarsa ne ya fara. Sai hannunsa na dama ya tashi da kansa, kamar da gula a ciki. Yana ganin haka ya cafke shi ya tura ƙarƙashin cinya ya zauna a kai. Ya ce, "Kai, mun yi rantsuwa."

Can sai ya yi dariya, irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Ya ce, "Mayar baya. Nan, nan. Ka ji ganga ta ja ƙafa?" Na sa kunne, gaskiya ne, akwai wurin da bugun ke raguwa ya koma ɗaya-ɗaya, kazagi ya yi shiru. Da na ɗauka kaset ɗin ne ya lalace. Ya ce, "Igiyar kazagin Jibril ce ta tsinke. Ya kalle ni zai yi kuka. Ga manoma cike da gona, kowa da fartanya a sama, Alhaji Lawal yana hararata. Na ce wallahi sai dai gayyar ta watse, ba zan wuce in bar yaron nan ba. Na riƙe su da bugu ɗaya-ɗaya har ya ɗaura. Ji yadda ya shigo, da gaggawarsa."

Ba ya jin kazagin, Yaya. Jiran da ya yi maka kawai yake ji. Tun ranar ba ya neman farkon kiɗan ko ƙarshensa, wurin nan yake sa ni in yi ta mayarwa.

Jikinsa ba daɗi. Ƙafafun sun kumbura, fura ma sai an lallaɓa shi. Ya tambaye ni ko ka faɗi ranar zuwanka. Na rubuta masa a ƙasa cewa ka kusa. Kada ka mayar da ni maƙaryaci.

Ƙanenka, Zakiyyu

*

Dutsi, bayan sadakar bakwai

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan ka isa gida lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Kada ka riƙa cin kanka a kan ka iso an dawo daga maƙabarta. Ka kamo hanya, kowa ya shaida, kwana ne ya ƙare. Da kake nan ban sami keɓewa da kai ba saboda masu gaisuwa, kuma na ga duk sanda ka shiga zaure idonka na kauce wa ƙusar da hedifon ɗin ke rataye.

Inna ta ce in ɗauke shi, ba ta iya kallonsa. Soson ɓangare ɗaya ya lotse, ƙamshin jikinsa na nan a ciki. Kai ka saya, ga shi na ba Auta. Memorin gayyar na naɗe shi a ƙyalle na ɗaure a jikin igiyarsa. Wurin yana bayan an yi wa Alhaji Lawal kirari na biyu. In ka ga gogewa ce daidai, ka goge, ba zan tambaya ba.

Mun fara yankan gero. Ka gaishe da Anti Raihana da yara.

Ƙanenka, Zakiyyu

*

Kano

Zakiyyu, wa alaikumus salam.

Saƙo ya iso. Ban sa shi a kunne ba.

Na rufe shago, na ɗage riga, na sa shi inda ka ce yana sawa. Ban san hukuncin wannan ba, kuma ban tambayi kowa ba.

Na sami wurin. Ya daɗe yana jira, Zakiyyu. Ban san ya daɗe haka ba.

Kada ka bari a taɓa gangar da ke rumbu. Ina tafe.

Yayanka, Jibril