Jirgin Raguna

Litinin, 12 ga Mayu
Jiragen yaƙin manyan ƙasashen nan biyu sun yi arangama a wani mashigin teku, in ji rediyo. Tashar safe ta ce na gabas ne suka fara harbi, ta rana ta ce na yamma. Kowacce da majiyarta mai tushe. Wakilin ɗaya yana haki kamar ruwa na fantsamar masa, ni kuwa ina jin hon ɗin motoci a bayansa.

Talata, 13 ga Mayu
A majalisarmu ta Ƙofar Kware, Na'Allah mahauci, wanda ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, ya zama masanin teku. Ya cusa mini waya a fuska: "Malam, duba, sun nutsad da shi!" Bidiyon nan shi ya nuna mini bara, a wani yaƙin daban. Jirgi ɗaya, mutuwa biyu. Na taya shi ta'aziyya.

Alhamis, 15 ga Mayu
Mu'az, ɗanmu na fari, yana aikin ciyar da dabbobi a jirgin dakon raguna. Ta mashigin nan suke bi. Tun Lahadi wayarsa ba ta shiga.

Uwarsa Iyatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari, balle ta tambayi lafiyarsa. Ta ajiye mini fura, tana kallon bango ta ce, "Wanga ruwa da aka ta faɗi, yana da girma?" Na ce mata wa zai ɓata harsashi a kan raguna? 'Yan jarida ne, in babu gawa ba su cin abinci. Ta fita. Ludayi ma ta manta.

Asabar, 17 ga Mayu
Yau sun ce an taɓa "wani jirgin kasuwanci". Wane? Me ya ɗauko? Su wa ke ciki? Sunan kowane makami sun haddace, har da tsawonsa. Na mutane ne ba su da shi. Sakarkaru.

Lahadi, 18 ga Mayu
Ban je majalisa ba. Na sayi sabon batir na rediyo, tsohon ya yi sanyi ne kawai.

Talata, 20 ga Mayu
Mu'az ya kira da hantsi. Lafiya lau, an tsayar da su ne nesa da gaɓa. Bai ga komai ba sai raguna da wari. Ya ce, "Baba, mi rediyo ka cewa? Mu nan ba mu san komi ba."

Na gaya masa. Ta safe da ta rana, duka, daki-daki, ban tsallake ko kalma ba. Ban san na riƙe su haka ba.

Iyatu na bakin ƙofa da tsintsiya, tana sharar wurin da ta riga ta share. Na ƙara sautin wayar.

'Yan jarida maƙaryata ne har gobe. Na dai bar rediyon a kunne, har sai jirgin ya wuce.